Matar da Ba Ta da A'a

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na To-To, kuma bangon nan ba ya riƙe sirri. In ta yi atishawa a can, ni ke amsa mata daga nan. Shekara shida muna haka a gidan haya mai ɗaki tara da famfo ɗaya. Ni kitso nake yi a bakin ƙofata. Karatuna aji uku ne, shi ma na ukun ban ga ƙarshensa ba, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a ransa, kada ya zo ya same ni.

Mutanen gida Maman Biyu suke ce mata, don tana da 'yan biyu mata. Ni ce na sa mata To-To, kuma ba zalunci na yi ba. Tun da na san matar nan ban taɓa jin a'a ta fito daga bakinta ba. Ara mini bokiti, to. Matsa da tabarmarki, to. Ki bar mini layin famfo ina sauri, to. Wata rana na ce bari in gwada ta.

"Maman Biyu, gobe zan kai ki kasuwa in sayar."

"To," in ji ta, tana yanke wa yarinya farce.

Sai da na kai ƙofa ta ɗago kai ta ce, "Yaya Mai Kitso, wa zai saya?"

Amma kada a ɗauka to ɗinta iri ɗaya ce. Ni da na zauna da ita na gano iri uku. Akwai gajeriya, ma'anarta na ji. Akwai mai ja, ma'anarta na ji amma raina bai so ba. Akwai kuma wadda take fitarwa ta hanci, wadda in aka fassara ta zagi ce har da na iyaye. Abin takaicin, duka ukun aiki ɗaya suke yi: ta tashi ta yi abin da aka sa ta.

Ita ce babba a cikin su takwas a gidansu, da goyon ƙanne ta girma, kuma ina jin tun can a'ar ta ɓace mata. Mijinta, Baban Biyu, dako yake yi a wani sito, ya fita da fara'a ya dawo da ƙurar siminti har cikin gira. Shi ma magana ba ta dame shi ba. Ya taɓa gaya mini ranar da ya ce yana son ta, to ta ce masa, kuma har yau bai san wace iri ba ce a cikin ukun.

A'ar gidan gaba ɗaya 'yan biyun ne suka kwashe. Shekararsu uku, ɗaya Mai Kuka, ɗaya Mai Cizo. Ku zo wanka, a'a. Ku fito daga wanka, a'a. Ko abin da suke so ka miƙa musu, sai sun ce a'a kafin su fizge.

To-To a ɗakin wanki na wani otal take aiki, can ƙasan gini inda ba taga. Injin wanki huɗu, teburin guga dogo, zannuwan gado da tawul kamar tsauni, ga tururi. Albashin kuwa irin wanda yake gaisawa da mutum a tsaye ne, ba ya zama. Shugabarsu wata mata ce da ake kira Mai Makullai, don damin makullai take ratayawa a ƙugu, kana jin ta kafin ka gan ta. Matar nan ta daɗe da gane garaɓasar da Allah ya ba ta. Duk wadda ba ta zo aiki ba, To-To ce za ta tsaya mata. Ba ma tambaya take yi ba, faɗa take yi tana tafiya, to ɗin ta same ta a hanya.

In uwar tana aiki, 'yan biyu wurina suke wuni. Ba na karɓar komai, don ni mutuniyar kirki ce. Sai dai bokitin To-To a ɗakina yake kwana, dutsen gugarta ma ya fi sanin kayana, kuma in ta dawo ita ke share mini gashin da ya zube. Haka muke zaune lafiya har ranar da Mai Cizo ta kama kunnen wata mai kitso, ina tsakiyar kai. Matar ta tafi da rabin kitso, ba ta dawo ba har yau.

Shi ya sa da na ji an buɗe cibiyar koyar da sana'a a bayan tashar bas, ta iyayen da ke aiki amma aikin bai riƙe su ba, ni na fara kai mata labari. Aji sau uku a mako, da rana. Ana ba mutum katin shiga bas. Abin da ya fi shiga raina kuma, akwai ɗakin reno, mai ƙofa mai sakata.

"Ki je ki koyi ɗinki," na ce. "Don ci gabanki nake faɗa."

"To."

Mai ɗaukar sunaye a cibiyar wata ce da muke kira Anti Fayil, kullum rungume da fayil kamar jariri. Aikinta ta saurari matsalar mutum, ta rubuta, ta nemo masa mafita. Ta duba takarda ta ce ajin ɗinki ya cika, na girki ma ya cika, saura ajin gyaran wutar lantarki.

"Za ki shiga?"

"Tooo," in ji To-To.

Mai ja ce ta yi, ni da ke gefe na ji. Amma biro ba ya jin ja. Anti Fayil ta rubuta suna, ta karanta mata doka: duk wanda ya yi fashin aji sau uku an cire shi, da shi da katin bas ɗinsa da gurbin 'ya'yansa a ɗakin reno, don akwai masu jira a layi.

Na yi dariya har bakin titi. Na ce matar da ke neman maƙwabci ya canza mata ƙwan fitila ita ce za ta gyara wutar gari. Ashe ni za a bari da kunya. Mako uku da farawa ta zo ta zauna a ƙofata da sukudireba, ta warware rediyona da ya shekara ba ya magana, ta hura, ta ɗaure wata waya, sai ga shi yana ba da labarai. Ta ce shekara biyar tana sauraron injinan otal, ta san kukan kowanne, ba ta dai san sunan ciwon ba sai yanzu. Tana faɗa idonta yana ƙyalli. Ban taɓa ganin haka a fuskarta ba, har na rasa tsiyar da zan yi mata. Na dai ce rediyon dama hutawa yake yi.

Malaminsu wani dattijo ne siriri, Malam Tasta, saboda abin gwada wuta da ke maƙale a aljihun rigarsa kamar biro. Su goma sha biyu ne a ajin, mace biyu, sauran masu gadi da 'yan dako da wani mai wankin mota. Ranar da abin ya faru ina wurin, don ni na kai 'yan biyu ɗakin reno, uwarsu daga otal ta wuce kai tsaye. Na tsaya ta taga ina leƙe, ba don gulma ba, don ilimi.

Malam yana tsaye gaban wani allo mai wayoyi da soket. Babban makunnin yana can bangon baya, kusa da To-To. Bai waiwaya ba ya ce, "Maman Biyu, kin kashe wutar?"

"To," in ji ta, ta miƙe za ta je ta kashe.

Malam ya ji an amsa. Ya kama waya.

Ban san dattijo yana da irin wannan rawar a jikinsa ba. Hularsa ta yi gabas, tasta ta yi yamma, shi kuma ya zauna a ƙasa ba tare da ya yi niyya ba. Mai wankin mota ya fita da gudu, sai a bakin get aka tsayar da shi. Aka kawo ruwa. Malam ya sha, ya duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ga suna nan. Ya ce laifin farko nasa ne, da ya taɓa waya bai gwada ba, kuma kowa ya rubuta wannan. Sannan ya tashi ya ɗauki alli ya rubuta TO a allo da manyan baƙaƙe, ya ja masa layi biyu.

"'Yata," ya ce, "me to take nufi?"

"Ina nufin zan kashe, Malam."

"Ni kuma na ji kin kashe. Kin ga tsakanin zan da na, nan ake binne mutum. Daga yau a ajin nan amsa biyu ce, eh ko a'a. Wuta ba ta san to ba. Kin gane?"

"To, Malam."

Ya kafa doka, duk wanda ya ce to a aji shi zai yi shara. Wata guda cur ba wanda ya taɓa tsintsiya sai ita. Eh ba ta ba ta wahala ba, mako biyu ta kama. A'a ce ta ƙi fita. In Malam ya tambaya ko ta kashe wuta, sai ta zagaya ta ce, "Ai yanzu nake shirin tashi." Ya ce bai tambaye ta shirinta ba.

Ana cikin haka fashi ya shiga. Na farko, wata mai guga ta haihu, Mai Makullai ta ce To-To ta tsaya. Na biyu, ba wanda ya haihu, an dai ce ta tsaya. Anti Fayil ta rubuta wasiƙa mai hatimi zuwa otal, tana roƙon a riƙa sakin ta ranakun aji. Mai Makullai ta karanta, ta ce wasiƙa ta yi kyau, ta ɗora kofin shayinta a kai.

Anti Fayil ta zo har gida, ta zauna a kan kujerar kitsona, ta ce, "Maman Biyu, saura ɗaya. Ranar Alhamis ƙarfe biyu ne gwajin ƙarshe. In ba ki zo ba, ba takardar shaida, kuma dole in ba wata gurbin yaran. Zan iya rubuta miki wasiƙa goma, amma takarda ba za ta ce a'a a madadinki ba."

"In na ƙi tsayawa kuma ta kore ni fa, Anti?"

"Zai iya faruwa. Ba zan yi miki ƙarya ba."

To-To ta dubi sukudirebar da ke hannunta. Ni kuma na dubi Mai Cizo, wadda ke gwada haƙoranta a ƙafar kujera. Nan take na ga lallai matar nan tana bukatar taimakona.

Kwana uku na buɗe mata aji a tsakar gida. Na ɗaura cokula shida a ƙugu don su yi ƙarar makullai, na riƙa wucewa ta gabanta ina hura hanci.

"Ke Maman Biyu, yau za ki tsaya har yamma!"

"To."

"Ba haka ba! Sake. Yau za ki tsaya!"

"Ai da dai... in da hali..."

"Ba hali ake tambaya ba. Buɗe baki. A."

"A."

"Sake wata a."

"A."

"Haɗa su."

"To."

Matan gida suka fito da kujeru. Tsohuwar ɗaki na bakwai ta ce ita a zamaninta sau ɗaya ta ce wa miji a'a, bai sake tambayar ta komai ba har ya rasu. Na kira 'yan biyu don su nuna misali. Na ce, "Ku zo ku nuna wa mamanku." Suka haɗa baki suka ce, "A'a!" Na ce kin gani, ko kuɗin makaranta ba a biya musu ba.

Ranar Laraba da yamma ta samu ta fitar da ita sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, tana kallon bokiti. Na ce bokiti ba shi ne shugabarki ba, amma an fara.

Abin da ya faru ranar Alhamis ban gani da idona ba. Doguwa, wata mai guga da suke aiki tare, ita ta ba ni labari ranar Asabar, kanta yana tsakanin gwiwoyina, kuma mutum ba ya ƙarya a wannan zaman. Ta ce ranar otal ya cika da baƙin wani taro, zannuwa har bakin ƙofa. Ƙarfe ɗaya saura, To-To ta fara wanke hannu. Sai ga ƙarar makullai.

"Maman Biyu, yau sai yamma," in ji Mai Makullai, ba ta ko rage tafiya ba.

"To..." in ji To-To.

Doguwa ta ce ita har ta sauke ajiyar zuciya, ta ce shi ke nan.

"...a'a."

Makullai suka yi shiru. Doguwa ta ce shekararta bakwai a wurin, ba ta taɓa jin makullan nan sun yi shiru ba.

"Me kika ce?"

"A'a, ranki ya daɗe. Ina da gwaji ƙarfe biyu. Yana cikin wasiƙar da ke ƙarƙashin kofinki."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Mutane da yawa."

Mai Makullai ta dubi tulin zannuwa, ta dubi sauran ma'aikata da suka daina guga suna kallo. Da su biyu ne kawai, wataƙila da ta haƙura. Amma ga idanu. Ta nuna ƙofa ta ce, "In kika fita yanzu, kada ki dawo."

To-To ta kwance rigar aikinta, ta ninke ta gida huɗu yadda aka koya musu ninke tawul, ta ajiye a kan tebur. Ta ce, "To."

Doguwa ta rantse mini wannan to ɗin ba ta cikin ukun da muka sani. Sabuwa ce fil. Ba ja, ba hanci. Irin wadda ake rufe ƙofa da ita.

A cibiya kowa aka ba shi allo ya haɗa fitila biyu da soket, Malam yana zagayawa da hannu a baya. Da ya zo kanta ta gama, saura waya ɗaya da ba ta rufe ba. Dattijon nan da gangan ya kai hannu kan makunni ya ce, "Na kunna?"

"A'a!" in ji ta, har da buge masa hannu.

Masu reno sun ce har ɗakinsu aka ji, 'yan biyu suka waiwaya suna neman wanda ya ɗaukar musu kalma. Malam ya shafa bayan hannunsa ya ce ta ci, amma dukan ba ya cikin manhaja.

Da yamma na kasa kunne a bango, don in san ko za a bukaci taimako. Ta gaya wa Baban Biyu ta ci gwaji, kuma an kore ta daga aiki. Can ya ce, "Me kika ce mata?"

"A'a na ce."

"Sake faɗa in ji."

Ta faɗa. Ya ce, "Ashe haka take a bakinki." Daga nan ban ji komai ba sai ƙarar cokali.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Wata biyu tana gida da takardar shaida a cikin leda. Tukunyarsu ta koma hawa wuta sau ɗaya a rana, Baban Biyu ya ƙara da dakon ranar hutu har kafaɗarsa ta kumbura. Cibiya dai ba ta sake ta ba. Aka bar yaran a ɗakin reno, Anti Fayil ta riƙa yawo da ita wurin masu ɗaukar aiki. Wuri biyu suka ce ba su taɓa ɗaukar mace ba, Anti ta ce ai ita ma Maman Biyu ba ta taɓa zuwa ba. Na uku, wani ƙaramin kamfanin gyaran injina, ya ce ta zo gwaji na wata uku. Suka ba ta shuɗiyar rigar aiki da ta yi mata yawa, ni na kai aka rage. Wata ukun ya wuce, ba su karɓi rigar ba.

Sauran labarin ma daga kan Doguwa na samo shi. Inji na uku a otal ya tsaya, aka kira kamfani, kamfani ya turo mai gyara. Mai Makullai ta fito tarbar injiniya, sai ga To-To da akwatin kayan aiki. Suka gaisa kamar ba komai. To-To ta durƙusa bayan inji, ta saurara, ta ce dama tun bara yake wannan tarin. Sannan ta ɗaga murya.

"Ranki ya daɗe, makullin ɗakin wuta yana wurinki. Kin kashe?"

"To," in ji Mai Makullai.

"Eh ko a'a?"

Doguwa ta ce matar ta ce a'a, ta tafi da sauri makullai suna kuka. To-To ta jira ta dawo, ta sa tasta ta gwada duk da haka.

Yanzu da safe nakan ga ta fita, akwati a hannu ɗaya, 'yan biyu a ɗayan, suna ce wa takalmansu a'a. Ina alfahari da ita, don ko ba a faɗa ba an san wa ya ɗaura cokula. Shi ya sa makon jiya na leƙa ɗakinta kamar yadda na saba, na ce, "To-To, miƙo mini dutsen gugar nan, da bokiti, in kin gama kuma ga gashi can ya taru a ƙofata."

Ta dube ni da fara'arta ta ce, "A'a, Yaya."

Na tsaya ina jiran sauran maganar. Babu saura. Na ce ko ta manta wa ya koya mata. Ta ce ba ta manta ba, shi ya sa ta faɗe ta da kyau, don in ga aikina. Ta ce in kawo nawa dutsen da ya mutu ta duba, amma sai ranar Lahadi, kuma in riƙe mata fitila.

Na ce to. Mai hancin na yi, kuma ta gane.